Cocin da kafintocin jirgin ruwa suka yi wa rufi: tafiyata zuwa Whitby

Sana'ata zanen gine-gine, kuma duk garin da na shiga idona ba ya tsayawa a kanti, sai a bango da rufi. Da na je Ingila a watan Agustan 2023 domin duba ɗan yayata da ke karatu a Leeds, ya tambaye ni inda nake so ya kai ni. Shi a zatonsa zan ce filin ƙwallo a Manchester ko ƙofar fadar sarki a Landan. Na ce masa Whitby. Ya ce, "Kawu, me ka ajiye a Whitby?" Na ce wani tsohon coci ne nake son gani. Ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, "To, idan Hajiya ta kira, kai za ka yi mata bayani, ni ba ruwana."

Tun muna ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na ci karo da hoton cikin wannan coci a ɗakin karatu na sashenmu, hoto baƙi da fari, katako ta ko'ina har ba ka gane gaba da baya. Sunansa Cocin St Mary, shi ne cocin jama'ar garin Whitby tun wajen shekarar 1110. Bisa lissafin tarihin Kano, wannan ya yi daidai da zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya fara gina ganuwa.

Mun tashi da sassafe muka hau bas mai lamba 840, irin mai hawa biyu, muka samu kujerun gaba a sama. A lokacin gwamnati ta ƙayyade kuɗin bas a fam 2 ko ina za ka sauka, saboda haka tafiyar sa'a uku da ɗoriya ta ci mana fam 2 kowannenmu, abin da bai kai kuɗin kofin shayi a tashar ba. Fam ɗaya ta riga ta haura naira dubu a wajen 'yan canji, duk da haka na ce wannan kam an yi mana arha. Daga Leeds zuwa York zuwa Malton ba abin da zan ba da labari, gonaki ne da shataletale. Shinge ko ɗaya ba mu tarar ba. Abin da ya tsayar da mu kawai tumaki ne a ƙauyen Goathland, sun kwanta a tsakiyar kwalta, direba ya jira har suka ga damar tashi.

Bayan Pickering ne ƙasar ta sauya. Itatuwa suka ɓace, aka shiga wani fili mai tudu da kwari, ba gida ba gona, duk ya lulluɓe da wata gajeriyar ciyawa mai fure launin shunayya, wadda a watan Agusta take cika fure. Ta hannun hagu akwai wani ƙaton rami mai kama da ƙwarya da suke kira Hole of Horcum, can gaba kuma ta dama wani gini mai siffar dala da aka yanke wa kai, tashar na'urar hangen makamai masu linzami ta sojojin sama a Fylingdales. Daga nan hanya ta gangara Sleights, gangare mai tsanani, ina jin ƙarar birki ina salati a zuciya. Muna fita daga kwanar sai ga teku, ga kangon wani tsohon gidan sufayen Kirista tsaye a kan dutse, ga wani gajeren gini mai faɗi a gefensa wanda in ba ka sani ba ba za ka kula da shi ba. Shi na zo gani.

Whitby ƙaramin gari ne, mutanensa wajen dubu 13, kogin Esk ya raba shi biyu, gada mai juyawa ta haɗa ɓangarorin. A nan Kyaftin James Cook, shahararren matuƙin jirgin ruwa na Ingila, ya koyi aikin jirgi, kuma jirgin Endeavour da ya kai shi gaɓar Ostareliya a nan aka ƙera shi a 1764. Yanzu 'yan yawon buɗe ido ne suka cika garin, har kafaɗa na gugar kafaɗa. Yunwa ta sa muka fara neman abinci. Abincin garin kifi ne da soyayyen dankali, amma ɗan yayar tawa ya riga ya gargaɗe ni cewa a wannan yanki da yawa da kitsen shanu suke suya, don haka sai da muka tambaya har muka samu masu suya da man girki. Kusan fam 15 kowane faranti. Kifin ya yi daɗi, fari tas, amma ba yaji ba komai, gishiri da ruwan tsami kawai. Muna ci a bakin ruwa wani tsuntsun teku ya sauko ta bayan yaron ya fige rabin kifinsa ya yi sama. Wata tsohuwa da ke kusa ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Zuwa cocin sai ka hau matakala 199. Da farko na katako ne, a 1774 aka mayar da su na dutse, kuma su kansu suna cikin jerin gine-ginen da doka ta kare. A kan hanya akwai wurare masu faɗi da benci. Na zauna a na farko ina haki, ina yaba wa hukumar gari da ta tuna da masu ciwon gwiwa, sai wani dattijo da ke kusa ya ce ai waɗannan wuraren hutawar masu ɗaukar gawa ne. A da mutanen garin sun fi son a hau da akwatin gawarsu ta matakalar, a kafaɗar maƙwabta, maimakon a zagaya da shi a keken doki. Na yi masa godiya, na tashi.

Daga waje cocin ba shi da kyau irin wanda ido ya saba nema, kuma gara in faɗi haka. Hasumiyarsa gajeriya ce, mai kusurwa huɗu, ta tsuguna kamar mai gudun iska, kuma da dalili, domin iskar tekun arewa tana bugun wannan dutse ba dare ba rana. An yi wa saman bangon haƙora irin na ganuwar soja. A bangon da magina na ƙarni na 12 suka yi da ƙananan tagogi masu zagayayyen kai, wasu daga baya sun zo sun fasa, sun saka manyan tagogin gilashi masu farin firam, irin na gidan zama. Akwai ma matakalar katako fara da aka jingina daga waje, tana hawa zuwa wata ƙofa a tsakiyar bango. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan zane, da na mayar masa da takardarsa. Maƙabartar da ke kewaye kuwa gishirin iska ya cinye duwatsun kaburburan har rubutun ya narke, wasu sun zama kamar saƙar zuma. Da yawa daga cikinsu sunayen matuƙan jirgi ne da teku ta ci, ba a samu gawarsu ba.

Shiga kyauta ne, akwai akwatin taimako, na jefa fam 5. A zauren shiga akwai allon tunawa da ma'aikatan jirgin ceto da suka nutse ranar 9 ga Fabrairun 1861. Su 13 ne a cikin jirgin, 12 suka mutu a gaban idon mutanen gari, mutum ɗaya, Henry Freeman, ya tsira saboda shi kaɗai ke sanye da sabuwar rigar ceto ta ɓawon itace mai yawo a kan ruwa.

Da na tura ƙofar ciki sai na tsaya cak. Ka san tsarin coci na Turawa: doguwar hanya a tsakiya, bencina a jere, ido ya tafi kai tsaye zuwa bagadi, wato teburin ibada da ke can gaba. Nan babu wannan. Abin da ke gabanka akwatunan zama ne na katako, kowanne da ƙofarsa da sakatarsa, bangonsu ya kai ƙirjin mutum, sun cika ƙasa kaf, sai 'yan siraran lunguna a tsakani. A samanka kuma benaye ne na katako masu farin fenti, sun zagaye ɗakin ta kowane gefe, wani ya hau kan wani, wani ya ratsa gaban taga. An ce wurin yana ɗaukar mutum kusan dubu 2. Duk lokacin da garin ya ƙara arziki da jama'a, a ƙarni na 17 da na 18, sai a ƙara bene. A 1818 da wuri ya ƙare baki ɗaya, suka rushe bangon arewa suka faɗaɗa ɗakin, har ya koma kusan murabba'i.

Wata mata mai aikin sa-kai, da alama ta haura saba'in, ta ga ina zane a littafina, ta zo ta buɗe mini wani akwati ta ce in shiga in zauna. Na shiga, ta rufe ƙofar. Benci ne ta gefe uku, an lulluɓe bangon da koren ƙyalle da ya koɗe, gefen katakon ya yi santsi saboda hannuwan da suka dafa shi. Da na zauna, duniya ta ɓace. Ba na ganin ɗana, ba na ganin maƙwabcin akwati, abu ɗaya kawai nake gani: mumbari. Sai na gane cewa abin da na ɗauka hargitsi ne yana da tsari. Duk wani akwati da duk wani bene, a ko'ina yake, an juya shi ne ya fuskanci mai wa'azi. Mutanen da suka yi wannan aiki sun fi damuwa da kunne, wato a ji huɗuba, kuma a tsare ƙafa daga iskar da ke bi ta ƙasa.

Iyalai ne ke mallakar akwatunan ko su biya haya. Mai hali yana kusa da mumbari da ɗumi, da ƙyalle da matashi; talaka yana can baya a kan busasshen katako. Wasu ƙofofin har yanzu da rubutu a jiki, wannan na kyauta ne, wancan na baƙi ne kawai. Ɗana ya shige na baƙin ya ce, "Kawu, ga namu nan, tun kafin a haife mu aka ware mana."

Mumbarin kansa hawa uku ne, an yi shi a 1778. Hawa na ƙasa na magatakardan coci ne mai jan amshi, na tsakiya wurin karatu da addu'a, na sama kuma na wa'azi, da wani faifan katako a bisansa mai mayar da murya ƙasa. Dole ya yi tsawo haka, in ba haka ba na kan bene ba za su ga fuskar limami ba. A bayansa akwai wasu dogayen bututu biyu na ƙarfe masu buɗaɗɗen baki. Matar ta ce wani limamin cocin a ƙarni na 19 matarsa ba ta ji sosai, shi ne aka haɗa mata su, tana zaune a ƙasa tana kara kunne. Na ce wannan baiwar Allah ta yi haƙuri, a gida ta ji shi, a coci ma ba a bar ta ta huta ba. Matar ta yi dariya har da riƙe katako.

Na ɗaga kai na daɗe ina kallon rufin, domin nan ne sana'ata ta fi motsawa. Ba shi da tsawo, ba baka, ba ƙubba. Allunan katako ne a shimfiɗe, an yi musu farin fenti, ginshiƙai sirara sun tokare su, an huda tagogi a sama domin haske ya sauko inda benaye suka toshe tagogin bango. Mutanen garin suna cewa kafintocin jirgin ruwa ne suka yi shi, kuma ban ga dalilin musu ba, don yadda aka jera allunan da yadda aka zaunar da tagogin sak ɗakin ƙasa na jirgi. Abin da hannunsu ya iya ke nan, shi suka kawo wa ɗakin ibadarsu. A tsakiyar ɗakin akwai murhun ƙarfe na kwal, bututun hayaƙinsa ya huda rufi ya fita, sannan ga wata babbar fitilar tagulla mai rassa ta ƙarni na 18, wadda kyandir ake dasa mata. A jikin benayen kuma an rataye alluna masu ayoyin Littafi Mai Tsarki.

Sai abin da ya fi ba ni haushi, kuma ya fi riƙe ni. A irin wannan coci akwai babbar baka ta dutse da ke raba wurin jama'a da wurin bagadi, kuma ta nan tana cikin mafi tsufan abin da ke ginin, aikin maginan Norman ne na ƙarni na 12. Iyalan Cholmley, waɗanda suka mallaki filayen gidan sufaye bayan Sarki Henry na Takwas ya rufe shi a 1539, sun zo a ƙarni na 17 suka gina wa kansu wurin zama a sama, ya gitta bakar daga wannan gefe zuwa wancan, a kan ginshiƙai huɗu murɗaɗɗu kamar igiya, da sassaƙen kawunan mala'iku a gaba. Ma'ana, sun toshe wa jama'a ganin bagadi, su kuma sun juya masa baya suna kallon talakawansu daga sama. Matakalar nan da na gani a waje irin tasu ce, ba sai sun haɗa ƙofa da masunta ba. Sai ka sunkuya ta ƙarƙashin wannan girman kai kafin ka shiga ɓangaren bagadi, inda komai ya koma dutse, duhu da sanyi, da tagogi ƙanana a cikin bango mai kauri. Taku kaɗan ne tsakaninsu, amma shekara ɗari biyar ce.

Ɗana ya ce da shi ne da iko, da gobe ya sa an cire wannan abu an buɗe bakar. Irin wannan ra'ayi ne ya mamaye Ingila a ƙarni na 19, lokacin da masu gyaran coci suka bi gari gari suna fasa akwatunan zama da benaye, suna cewa suna mayar da gini asalinsa. Cocin Whitby ya tsallake wannan guguwa. A ganina matakalar nan 199 ta taimaka, don masu kuɗin garin sun fi son gina sababbin coci a ƙasa, kamar St Hilda da aka gina a shekarun 1880 a tsallaken kogi, suka bar na kan dutse yadda yake. Yau kuma doka ta tsaya masa. Tun 1954 yana cikin jerin gine-ginen da aka kare, a mataki na ɗaya, matakin da bai wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari na gine-ginen da ke jerin ba. Ko limamin wurin ba shi da ikon cire ƙofar akwati ɗaya sai ya nemi izini a rubuce daga kotun cocin yankin, an saurari masana da masu ƙorafi. Dokar ba ta tambaya ko abin yana da kyau, ko mai shi mutumin kirki ne. Shi ya sa yau za ka iya shiga ka karanta da idonka wa ke sama wa ke ƙasa a garin Whitby shekara ɗari uku da suka wuce, ba tare da wani ya goge maka shaidar ba.

Ina zaune a nan tunanina ya tafi masallacin Juma'a na Zariya, inda malamanmu suka riƙa kai mu awo da tef. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen ƙarshen shekarun 1830, da tubali da azara kawai. Duk wanda ya tsaya ƙarƙashin waɗannan bakunan gizo, ya ga yadda aka ɗaure azara guntu-guntu har ta haye faɗin da itace ɗaya ba zai iya ba, ya ga zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai, ya san cewa ta fuskar gwaninta kafintocin Whitby ba su kama ƙafarsa ba. Amma a shekarun 1970 aka rushe wani sashe, aka lulluɓe sauran da ginin siminti. Alhamdu lillahi cikin ya tsira, sai dai wanda ya zo daga waje ba zai taɓa sanin abin da ke ciki ba. Niyyar masu aikin mai kyau ce: jama'a sun ƙaru, ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, kuma kowa yana son ɗakin Allah ya yi kyau. Mutanen Whitby ma jama'arsu ta ƙaru, su ma sun fasa bango, ba waliyyai ba ne. Bambancin shi ne sun ƙara nasu a kan na iyayensu, kuma da lokaci ya yi aka samu dokar da ta ce ya isa haka. Mu kuwa sau nawa attajiri ya zo da alheri, aka kwantar da masallacin unguwa mai shekara ɗari cikin mako guda, aka ta da na tayil da alminiyom, ba wanda ya ko ɗauki hoton tsohon? Ni kaina an sha kawo mini irin wannan aiki ofis.

Abin da doka ba za ta iya hanawa ba shi ne ƙasar da cocin ke kai. Dutsen yana zaizayewa. A ƙarshen 2012, bayan ruwan sama mai yawa, gefen maƙabartar ya zabtare, ƙasusuwan mutane suka gangaro bayan gidajen titin Henrietta da ke ƙasa, aka tattara su aka sake binnewa. Na je har bakin shingen na leƙa, ban daɗe ba na dawo.

Mun kwana a masaukin matasa da ke Abbey House, bayan cocin kaɗan, wanda wani sashe ne na tsohon gidan su Cholmley ɗin nan. Gado mai hawa biyu, banɗaki na tarayya, kusan fam 30 kowane mutum. Yaron ya hau sama, na yi sallolina a tsakanin gado da taga, iska tana kaɗa gilashi har asuba duk da ana cikin bazararsu.

Da safe muka sayi tikiti muka shiga kangon gidan sufayen. A nan wata shugabar sufaye mai suna Hilda ta kafa gidan ibada a 657, kuma a nan aka yi taron shugabannin coci na shekarar 664 inda Sarki Oswiu ya yanke hukunci a kan saɓanin lissafin wata na ranar Ista, ya bi tsarin Roma. Bangon da ke tsaye yanzu na ƙarni na 13 ne zuwa gaba, dogayen tagogi masu tsini, aiki na gani na faɗa, kuma jiragen yaƙin Jamus sun ƙara masa rauni da suka yi wa garin luguden wuta a Disambar 1914. Nan ne kowa ke ɗaukar hoto, ɗana ma ya cika wayarsa. Ni na bar shi a can na koma cocin, don akwai awon tsawon ƙofar akwati da faɗin lungu da ban gama ba, kuma matar jiya ta ce da safe ba cunkoso.

Bas ɗin dawowa ya cika tun daga tasha, muka tsaya a ƙafa har Pickering kafin muka samu kujera. Duka tafiyar, da mota da abinci da kwana da tikiti, ta tasar wa fam 70 kowannenmu, kuma ni na biya, kamar yadda aka san kawu da yi.